Kafin A Sayi Magani, A Fara Gano Ciwon Itacen

A zagayen da muke yi na lambuna da garake a ƙasar Mashi da ƙauyukan da ke kan hanyar Daura, babu tambayar da muke sha kamar wannan: "Malam, itacena yana bushewa, wane magani zan saya?" Sau da yawa mai tambayar ya riga ya je kasuwa ya sayo wata kwalba, ya fesa, bai ga canji ba, sa'an nan ya nemo mu. Kuɗi ya tafi, itacen kuma yana nan yadda yake.

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru a wata ƙungiya tamu. 'Yan ƙungiyar sun tara kuɗi sun sayo dashen mangwaro mai aure, suka dasa a filin da ke bayan majami'a. Shekara 2 itatuwan suna nan kore. A bazarar shekara ta 3 suka fara bushewa daga sama. Da aka duba aka ga gara ta yi gini a jikin waɗansu, sai kowa ya ce ai gara ce, a sake tara kuɗi a sayo maganin gara. Muka roƙe su su bari mu tone ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka mutu. Da muka tone, sai ga ledar da aka reni dashen a ciki tana nan daram, gindinta kaɗai aka huda. Saiwar ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ba ta bazu cikin ƙasa ba. Ban ruwan kowace safiya ne ya riƙe su, da rijiya ta ja baya aka rage ruwan sai suka kasa. Gara ta zo ne daga baya, ta tarar da itace rabin matacce. Laifin kuwa har da namu, gama ranar dashen muna wurin, amma ba mu leƙa kowane rami ba.

Da an sayi maganin nan, da an kashe gara, itatuwan kuma su ci gaba da mutuwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta muku yadda ake binciken itace mara lafiya, daki daki, don kowace ƙungiya ta iya yi da kanta.

Da farko, ciwo ne kuwa?

Ba kowane itace da ya zubar da ganye ne yake ciwo ba. Kuka takan tuɓe ganyenta duka da rani, ta sake sabo dab da damina. Gawo shi kuma akasin haka yake yi: da damina yake tsayawa ba ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa gero yake yin kyau a ƙarƙashinsa. Darbejiya takan zubar da tsohon ganye wajen ƙarshen hunturu, ta yi sabon toho. Mangwaro yakan yi fure dubbai, amma kaɗan ƙwarai ne suke zama 'ya'ya, sauran su zube. Sabon ganyensa kuma ja-ja yake fitowa, yana lanƙwashe kamar ya yi yaushi, bayan 'yan kwanaki ya miƙe ya yi kore. Duk waɗannan halinsu ne, ba sa bukatar magani.

Don a san ko reshe yana da rai, a kankare ɓawonsa kaɗan da farce ko da wuƙa. Idan an ga kore mai danshi a ƙarƙashi, yana da rai. Idan ruwan ƙasa ne busasshe, kuma reshen ya karye ƙas da aka lanƙwasa shi, ya mutu. A riƙa gangarowa ana gwadawa daga kan reshe zuwa gindi, har a sami inda rai ya tsaya. Itacen da samansa ya bushe amma gindinsa yana kore, kada a yi saurin sare shi.

Tambayoyi kafin a taɓa kome

Malamin asibiti ba ya ba da magani sai ya tambayi mara lafiya yadda abin ya fara. Itace ba ya magana, don haka mai lambun ne zai amsa a madadinsa. Ga tambayoyin da mukan yi:

1. Yaushe aka dasa shi, kuma wa ya dasa?
2. Yaushe aka fara ganin canji? A dare ɗaya ne, ko kuwa a hankali cikin watanni?
3. Me aka yi a wurin kwanan nan? An zuba taki, an fesa maganin ciyawa, an ƙone shara, an haƙa rami ko harsashin gini, ko an canza rijiyar da ake ɗibar ruwa?
4. Itace iri ɗaya ne kaɗai abin ya shafa, ko kuwa kowane iri?
5. Ta ina ya fara, tsofaffin ganye ko sababbi, gefe ɗaya ko duk jiki?

Tambaya ta 4 tana da muhimmanci ƙwarai. Yawancin cututtuka da ƙwari suna da irin itacen da suke kamawa. Idan lemo kaɗai ke ciwo, gwaiba da zogale da ke kusa da shi suna lafiya, to, a nemi cuta ko ƙwaro na lemo. Amma idan mangwaro da gwaiba da lalle, har da ciyawar ƙasa, duk sun yi yaushi a kusurwa ɗaya ta lambu, wannan aikin ƙasa ne ko ruwa ko wani abin da aka zuba. Haka kuma abin da ya faru cikin kwana 1 ko 2 yawanci wuta ce, ko maganin ciyawa, ko takin zamani da ya yi yawa. Cuta a hankali take yaɗuwa, daga itace zuwa na kusa da shi.

A fara dubawa daga ƙasa

Mutum yakan ɗaga kai ya dubi ganye, domin shi ne ido ke gani. A lambunan da muke zagayawa kuwa, yawancin damuwar a ƙarƙashin ƙasa muke samunta. Saboda haka a ɗauki fartanya, a tona a hankali a gefe ɗaya, kada a sassare saiwa.

Ƙishirwa. Ruwan samanmu na wata 4 ne, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasarmu kuma jigawa ce wadda ba ta riƙe ruwa. A tona zurfin kamu ɗaya, a damƙi ƙasar a hannu. Idan ta warwatse kamar gari, itacen yana jin ƙishirwa, ko da kuwa ana yayyafa masa ruwa kullum. Yayyafin nan saman ƙasa kaɗai yake jiƙawa, sai saiwa ta taru a sama inda rana ke ƙona ta. Ya fi kyau a ba ƙaramin itace jarka guda mai lita 20 a lokaci ɗaya, sau 2 a mako, don ruwan ya nutse. Da zafin Afrilu da Mayu a ƙara. A tuna kuma, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa ba a jikin gindi suke ba. Suna can wajen inda inuwar itacen ta tsaya da tsakar rana, har ma gaba da nan. Can za a yi kwarin ban ruwa, a riƙa faɗaɗa shi yadda itacen ke girma. A rufe kwarin da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, amma a bar tazara tsakaninsu da jikin itacen.

Yawan ruwa. Wannan yakan ruɗi mutane, domin alamarsa ɗaya ce da ta ƙishirwa: ganye ya yi yaushi, ya yi rawaya, ya zube. Saiwa tana bukatar iska. Idan ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya ɗaukar ruwa, sai itacen ya yi yaushi alhali yana tsaye cikin laka. Mai lambu ya gani ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Saiwa mai lafiya fara ce daga ciki, tana da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana wari, fatarta tana saɓulewa a hannu. Gwanda da zogale da lemo su ne suka fi rashin jure wa wannan. Gwanda takan mutu idan ruwa ya kwana mata 2 ko 3 a gindi. Wannan ya fi faruwa a fadama, da kuma gidajen da aka dasa itace a bakin magudanar wanka.

Dashe mai zurfi. Itace yana da wuya, wato wurin da gangar jiki ta ƙare saiwa ta fara. Wurin nan daidai da fuskar ƙasa ya kamata ya tsaya. Idan an binne shi, ko an riƙa tara masa ƙasa kamar kunyar dawa, ɓawon yakan ruɓe a ɓoye. Idan itace mai aure ne, lalle mahaɗin auren ya kasance a sarari sama da ƙasa. A janye ƙasar har a ga inda saiwar farko ta fita.

Fako da marmara. Wani itacen yakan yi girma da kyau shekara 2 ko 3, sa'an nan ya tsaya cik, kansa ya fara bushewa kowace bazara. Sau da yawa saiwarsa ce ta ci karo da ƙasa mai tauri ko marmara, ta kasa wucewa. Kafin dashe a haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 60, wato ƙafa 2, a cika shi da ruwa. Idan washegari ruwan yana nan, a fasa ƙasan ramin da diga, ko a nemi wani wuri.

Ruwan zartsi da yawan taki. Idan bakin ganye da gefensa sun ƙone kamar an lasa musu wuta, ga kuma farin abu kamar kanwa a bakin kwarin ban ruwa, gishiri ne ya taru. Yana iya fitowa daga ruwan rijiya mai zartsi, ko ruwan wanki mai sabulu, ko takin zamani da aka tula a gindi, ko ɗanyen kashin kaji. Maganinsa shi ne a kwarara ruwa mai daɗi da yawa ya wanke gishirin zuwa ƙasa, a dakatar da takin. Takin gargajiya sai ya ruɓe sarai ake sa wa itace.

Ƙulli a saiwa. Akwai waɗansu tsutsotsi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin ƙasa mai yashi. Sukan shiga saiwar gwaiba da gwanda, su sa ta yi ƙulli-ƙulli, itacen ya tsumbure. Su ne dai masu kama tumatir da kuɓewa. Ƙullin da ke saiwar gyaɗa da wake daban ne, shi mai amfani ne, a gefen saiwa yake manne kuma yana ciruwa da yatsa. Na ciwo kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Kada a dasa gwaiba ko gwanda inda tumatir ya nuna wannan alama, kada kuma a cika ledar reno da ƙasar wurin.

Sa'an nan a dubi jikin itacen

Ruwa yana hawa ta cikin itacen ne daga saiwa zuwa ganye. Abincin da ganye ya haɗa kuwa ta cikin ɓawo yake saukowa zuwa saiwa. Saboda haka idan aka ɓare ɓawo ya kewaye jiki duka, itacen yana iya zama kore har watanni, domin ruwa yana hawa, amma saiwa tana can tana mutuwa da yunwa. Ranar da ya bushe, mai shi ya riga ya manta da raunin. Awaki sukan yi wannan ɓarna da rani. Haka masu sassaƙen magani a jikin maɗaci da mangwaro, da wayar shanya ko igiyar ɗaure dabba da aka bari ta nutse cikin ɓawo, da wutar shara da aka hura kusa. Idan rabin ɓawon yana nan, itacen yakan warke. A gyara bakin raunin da wuƙa mai kaifi, a kewaye itacen da ƙaya ko darni, a ba shi ruwa.

Idan lemo yana fitar da ƙaro daga gindi, ɓawon wurin ya yi baƙi yana tsagewa, wata cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, tana shiga idan gindin yana jiƙe kullum. A janye ƙasa daga gindin ya sha iska, a yi 'yar ganuwa don ruwa kada ya taɓa jikinsa, a kankare ɓawon da ya ruɓe har a kai mai lafiya. Akwai maganin da ake shafawa a wurin, malamin gona zai nuna muku.

Idan an ga ƙaramin rami a reshe, garin itace yana zubowa daga ciki, tsutsa ce mai huda. A zura siririyar waya a kashe ta, ko a yanke reshen daga ƙasan ramin a ƙone.

Ita gara kuwa, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Busasshen itace ne abincinta, kuma ta fi afka wa wanda ƙishirwa ko rauni ya riga ya raunana. Gaskiya ne tana iya kashe sabon dashe, musamman itacen turare, amma duk inda aka gan ta a tambaya tukuna: me ya riga ta zuwa? A kankare gininta daga jikin itacen, a kwashe busassun kara da guntayen itace daga gindi, a barbaɗa toka, a gyara ban ruwa. Dattawanmu za su tuna da magungunan gara irin su Aldrin da Dieldrin. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniyar hana su a shekarar 2001, domin gubarsu tana daɗewa cikin ƙasa da ruwa da jikin mutum. Kada kowa ya karɓi garin da ba shi da suna a kasuwa, balle ya zuba shi kusa da rijiya.

Abin da ganye ke faɗa

Idan tsofaffin ganye na ƙasa suka yi rawaya gaba ɗaya, sababbin kuma ƙanana, itacen bai ƙoshi ba, yana son taki. Idan sababbin ganye na sama ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu kuwa suna kore, kamar yadda akan gani a lemo, wani sinadari ne irin ƙarfe saiwar ta kasa ɗauka. Yakan faru inda aka tula toka da yawa, ko ƙasa mai kanwa, ko inda ruwa ke kwanciya. Ƙara Yuriya ba zai warkar da wannan ba. Ruɓaɓɓen taki da gyaran ban ruwa sun fi taimakawa.

Idan ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, a goga da yatsa. In ya fita, ba cikin ganyen yake ba. A juya bayan ganyen, za a ga darɓa, ko waɗansu fararen ƙwari kamar auduga, ko masu mannewa kamar ƙananan ɓawo. Suna tsotson ruwan ganye suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, a kansa baƙin nan yake tsirowa. Tururuwa masu hawa da sauka alama ce tasu. A daka ƙwallon darbejiya rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda.

Idan sabon toho ya murɗe, ganyen ya fito siriri kamar igiya ko ya kife kamar cokali, kuma gefen da ke fuskantar gona ne abin ya fi shafa, a tambayi maƙwabci ko ya fesa maganin ciyawa ranar da ake iska. Wani lokaci kuma injin feshin ne aka yi aikin ciyawa da shi ba a wanke ba. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ware inji ɗaya na ciyawa kaɗai, a yi masa alama da jan fenti.

Kauci kowa ya san shi. Tsuntsaye ne suke kai irinsa, ya kafe a reshe yana shan ruwan itacen, har reshen ya bushe daga wurin zuwa gaba. Tsinke ganyensa ba ya kashe shi, domin ya riga ya shiga cikin reshen. Sai an yanke reshen daga ƙasan kumburin, tun kaucin bai yi 'ya'ya ba.

Idan itacen lafiya lau yake amma mangwaro ko gwaiba suna faɗowa da tsutsa a ciki, ƙudan 'ya'yan itace ne. Wani irinsa mai ɓarna ƙwarai, wanda asalinsa daga Asiya yake, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a shekarar 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Tsutsar takan fita daga ɗan itacen da ya faɗi ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda. A riƙa tsince waɗanda suka faɗi kowace rana, a ɗaure su cikin baƙar leda a bari a rana, ko a binne su da zurfi. Wannan aiki sai maƙwabta sun yi tare yake ci.

Darasi daga darbejiya

Darbejiya baƙuwa ce a ƙasarmu, asalinta daga wajen Indiya take, an kawo ta lardin Barno a shekarar 1928. Yau babu garin da ba ta cika ba, kuma ita aka fi dasawa a aikin dashen itatuwa na Jihar Katsina wanda aka fara a 1987 da taimakon ƙasashen Turai. A tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1983 da 1984, wani ƙwaro mai mannewa ya afka mata a kewayen Tafkin Chadi, ya yi ɓarna sosai. Wannan an gan shi da ido, an san shi.

A ƙarshen shekarar 1990 kuwa aka fara ba da labarin wani abu dabam daga Nijar, daga baya aka gan shi a arewacin Nijeriya. Tsofaffin ganye suna zubewa, sai ɗan tuntu ya rage a ƙarshen dogon reshe, har masana suka kamanta shi da wuyan raƙumin dawa. Hankali ya tashi, ana tsoron annoba ce za ta ƙare darbejiya. Masana suka zo suka ɗebi saiwa da ganye da ɓawo suka bincika, ba su sami wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba. Abin da suka lura shi ne ciwon ya fi tsanani inda aka dasa itatuwa a cunkushe, da inda ƙasa ta daddage ba ta riƙe danshi. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne wahalar ƙarancin ruwa ce ta shekara da shekaru. To, idan masana da kayan aikinsu sun bincika kafin su yanke magana, mu ma kada mu yi garaje. Kuma idan darbejiya mai jure wa fari tana iya galabaita haka, ina ga mangwaro da lemo?

Idan itacen ya riga ya mutu

A tone shi a duba saiwar, domin mataccen itace yana koya wa mai lambu abin da zai ceci sauran. Idan ruɓar saiwa ce, a kwashe saiwar duka a ƙone, a bar ramin a buɗe rana ta gasa shi har ƙarshen rani, kada kuma a mayar da irin itacen nan a wurin.

Amma kututturen itacen daji da ke gona, irin su kalgo da sabara da gawo da magarya da aduwa, ba matacce ba ne. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya daɗe yana dasa itatuwa yawancinsu suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin itatuwa waɗanda saiwarsu ke nan da rai. Manoma suka fara zaɓen rassa mafiya ƙarfi, daga 1 zuwa 5 a kowane kututture, suna yanke sauran. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasarsu irin tamu ce, iyaka kaɗai ta raba mu. Itatuwan nan za su tare wa lambu iska da rairayi, ba tare da an ba su ko kofin ruwa ba.

Aikin da ke gaban kowace ƙungiya

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum 2, namiji da mace, masu zagaya itatuwan 'yan ƙungiya sau ɗaya a wata. A sayi littafi a riƙa rubuta ranar dashe, da irin itacen, da inda aka sayo shi, da duk abin da aka zuba masa. Ranar dashe kuma a tara ledojin da aka cire a ƙirga su, yawansu ya yi daidai da yawan ramuka.

Idan an bi duk matakan nan ba a gane ba, a kai samfur wurin malamin gona na KTARDA ko malamin daji na ƙaramar hukuma, ko a ajiye mana. A yanko reshen da ke da ɓangare mai rai da ɓangare mai ciwo tare, da 'yar saiwa, da ƙasar gindin, a nannaɗe cikin takarda, a kai a ranar. Busasshen reshe shi kaɗai ba ya nuna kome. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki itacen gaba ɗaya, da gindinsa, da bayan ganyen.

Ita ƙungiyar da muka ba ku labarinta, an tone gefen kowane itace da ya rage a hankali, aka tsaga ledar aka zare ta, aka faɗaɗa kwarin ban ruwa aka rufe da ƙaiƙayi. Waɗanda saiwarsu ta riga ta shaƙe kanta ba su tashi ba, amma da yawa sun yi sabon toho da damina ta sauka. Kuɗin da aka tara don maganin gara, jarkoki da igiyar guga aka saya da shi. Idan mun zo zagaye na gaba, a tanadi fartanya da wuƙa, kowa ya kai mu wurin itacen da ya fi damunsa, mu tona tare. Allah ya ba mu damina mai albarka.